Kalkojenaid Mai Sauya Yanayi da Amfaninsa a Na'urorin Lantarki Masu Sauya Tsari

Kalkojenaid suna ne da masana sinadarai ke bai wa duk wani haɗi da ya ƙunshi ɗaya daga cikin sinadarai uku 'yan gida ɗaya, wato farar wuta da seleniyam da teluriyam, tare da wani ƙarfe ko abin da ya yi kusa da ƙarfe. Gidan nasu shi ne rukuni na 16 a jadawalin sinadarai. Irin wannan haɗi ba baƙo ba ne ga Bahaushe, domin dutsen da ake niƙawa a yi tozali na gargajiya ko dai haɗin dalma da farar wuta ne, ko haɗin antimoni da farar wuta, kuma duka biyun kalkojenaid ne. Sai dai kaɗan ne daga cikin wannan babban dangi ke da halin da ya sa masu ƙera na'urorin lantarki suka damu da su. Halin kuwa shi ne iya komawa daga wani yanayi zuwa wani cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa miliyan na daƙiƙa, su kuma tsaya a inda aka bar su shekara da shekaru ba tare da an ci gaba da ba su wuta ba.

Ma'anar sauyin yanayi a nan

Kalmar na jawo ruɗani, don haka ya kamata a fayyace ta tun da wuri. Akwai wasu kayan da su ma ake kira masu sauya yanayi, irin su kakin farafin da wasu gishirori, waɗanda ake sawa a bangon gini ko akwatin sanyaya magani domin su sha zafi idan sun narke, su sake shi idan sun daskare. Waɗannan aikinsu adana zafi ne, ba su da alaƙa da batun wannan sharhi. Akwai kuma haɗin banadiyam da iskar oksijin, wanda ke zama mai wuce da lantarki idan zafi ya kai kimanin digiri 68 a ma'aunin Salshiyas, amma da zarar ya huce sai ya koma yadda yake. Shi ba ya riƙe abin da aka ba shi.

A kalkojenaid, yanayi biyun duka daskararru ne. A ɗaya, ƙwayoyin zarra suna jere cikin tsari mai maimaita kansa. Wannan shi ne tsararren yanayi, wanda masana ke kira kiristal. A ɗayan kuma ƙwayoyin sun daskare a hargitse kamar yadda suke a gilashi. Wannan shi ne hargitsattsen yanayi. Mai yin alewa ya san asalin abin: sukarin da aka narkar aka sanyaya da gaggawa yakan fito sumul, mai ƙyalli, mai karyewa kamar kwalba, wanda kuwa aka bari ya huce a hankali yakan koma ƙwaya-ƙwaya. Sukarin bai canza ba, zaman ƙwayoyinsa ne ya canza.

Abin da ya sa wannan ke da daraja shi ne tazarar da ke tsakanin yanayin biyu. Tsararren yanayi yana barin lantarki ya wuce, hargitsattsen kuwa yana turjewa, kuma turjiyar tasa kan ninka ta ɗan'uwansa sau dubu ko fiye, a wasu haɗe-haɗen har sau miliyan. Haka kuma tsararren ya fi mayar da haske. Fitaccen haɗi a fagen shi ne wanda ake taƙaita sunansa da GST, mai ƙwayar jamaniyam 2, antimoni 2, teluriyam 5. Yana fara tsaruwa a wajen digiri 150, yana narkewa a wajen digiri 600.

Na'ura mai sauya tsari kuwa ita ce wadda za a iya canza hanyoyin da lantarki, ko saƙon rediyo, ko haske ke bi a cikinta bayan ta bar masana'anta. Eriya guda za ta iya komawa wani zangon daban, matatar saƙo guda ta canza abin da take tacewa, ba tare da an cire ko an sauya wani sashe ba.

Yadda ake rubutawa da gogewa

Ɗakin ajiya guda a ma'adanar bayanai da aka yi da kalkojenaid ƙanƙane ne ƙwarai, faɗinsa 'yan gomman nanomita, nanomita kuwa kashi ɗaya ne bisa biliyan na mita. A tsarin da aka fi sani, ana shimfiɗa siririn GST a ƙarƙashin wani faranti na ƙarfe, daga ƙasa kuma wani tsinke mai ɗaukar zafi, yawanci na haɗin taitaniyam da naitirojin, yana taɓa shi a wuri guda. Idan aka tura wuta mai ƙarfi na ɗan taƙaitaccen lokaci, bakin tsinken yakan yi zafin da zai narkar da ɗan abin da ke kansa. Sai a yanke wutar farat ɗaya. Saboda wurin ƙarami ne kuma ƙarfe na kewaye da shi, zafin kan zube da saurin da ya kai digiri biliyan ɗaya a daƙiƙa, ƙwayoyin ba su samun sararin jeruwa, sai su daskare a hargitse cikin siffar 'yar ƙubba da ta toshe bakin tsinken. An rufe hanya ke nan.

Buɗe ta na buƙatar wuta mai sauƙi wadda za ta ɗan daɗe, ta ɗumama wurin ya wuce matakin tsaruwa amma kada ya narke. Cikin 'yan gomman nanosakan zuwa 'yan ɗaruruwa ƙwayoyin kan koma sahu, nanosakan kuwa kashi ɗaya ne bisa biliyan na daƙiƙa. Karantawa kuma da wuta 'yar kaɗan ake yi, wadda ba ta isa ta canza komai ba, a auna turjiya a gane ko 0 ne ko 1.

A nan akwai tambayar da duk mai lura zai yi: idan hargitsattsen yanayi yana hana lantarki wucewa, ta yaya za a tura masa wutar da za ta ɗumama shi? Amsar tana cikin wani hali na biyu na waɗannan kayan. Idan ƙarfin lantarkin da aka ɗora ya kai wani mataki, hargitsattsen kalkojenaid yakan saki jiki nan take ya bar wuta ta wuce, alhali bai riga ya tsaru ba. Ba don wannan hali ba, da ma'adanar ba ta yiwu da ƙaramin ƙarfin da na'urorin zamani ke aiki da shi ba. Wasu haɗe-haɗen ma, musamman masu seleniyam da asanik, wannan sakin kaɗai suke yi, sai su koma rufe da zarar wuta ta ragu. Da su ake yin 'yan ƙofofin da ke zaɓar ɗakin da za a taɓa a cikin miliyoyin ɗakuna.

Ba dole ba ne a tsaya kan 0 da 1. Ana iya yin ƙubbar babba ko ƙarama, a samu matakan turjiya da yawa a tsakani. Da yawa daga cikin sabbin binciken da ake yi a yau a kan wannan tsaka-tsakin suka dogara.

Asali da tarihi

A tsakiyar shekarun 1950 Boris Kolomiets da Nina Goryunova na Cibiyar Ioffe da ke Leningrad, a tsohuwar Tarayyar Sobiyet, suka nuna cewa gilasan kalkojenaid suna da halin kayan da ake yin taransisto da su. Wanda ya mayar da batun fasaha shi ne Stanford Ovshinsky, Ba'amurke makaniken inji wanda bai yi jami'a ba, ya kafa kamfaninsa a jihar Mishigan a 1960. A 1968 ya wallafa bayanin sauyin da ake iya maimaitawa a waɗannan kayan a mujallar Physical Review Letters, a 1970 kuma aka bayyana ma'adana mai ɗaukar bit 256 a wata maƙala da Gordon Moore na kamfanin Intel yake cikin marubutanta. Abin bai je ko'ina ba a lokacin. Haɗe-haɗen farko suna da nawa wajen tsaruwa, suna cin wuta da yawa, ga ma'adanar silikon tana bunƙasa tana araha.

Nasara ta farko ta zo ne ta hanyar haske. A 1987 Noboru Yamada da abokan aikinsa a kamfanin Matsushita na Japan, wanda yanzu ake kira Panasonic, suka gano cewa haɗe-haɗen da ke tsakanin jamaniyam-teluriyam da antimoni-teluriyam suna tsaruwa da sauri ƙwarai kuma suna jure maimaitawa. Daga nan aka samu faya-fayan da ake gogewa a sake rubutawa: CD-RW da ya fito a 1997 da wani haɗi na azurfa, indiyam, antimoni da teluriyam, sai DVD-RAM, sai Blu-ray mai goguwa. A faifan, hasken leza ne ke yin aikin tsinken nan. Duk wanda ya taɓa sake ɗora waƙa ko takarda a kan faifan CD-RW ya yi amfani da kalkojenaid mai sauya yanayi, ko bai sani ba.

Ganin haka aka dawo kan ma'adanar lantarki. Samsung, Numonyx da Micron duk sun fitar da irinta, har ta shiga wasu wayoyin Nokia a wajen 2012. Babban yunƙurin shi ne 3D XPoint, wanda Intel da Micron suka sanar a Yulin 2015, Intel ya sayar da shi da sunan Optane daga 2017. Micron ya janye a Maris 2021 ya sayar da masana'antarsa ta Lehi a jihar Yuta ga Texas Instruments, Intel kuma ya sanar da rufe harkar a Yulin 2022 tare da asarar dala miliyan 559 a kan kayan da ke jibge.

Wasu sun ɗauki wannan a matsayin mutuwar fasahar. Fassarar ba daidai ba ce. Optane ya yi aikin da aka ce zai yi: ya fi ma'adanar filash sauri nesa ba kusa ba, ya fi shi jure rubutu. Matsalarsa ta kasuwa ce, domin ya fi filash tsada, bai kai DRAM, wato babbar ma'adanar kwamfuta, sauri ba, masu sayensa kuma ba su yi yawan da zai karya farashinsa ba. Abin da ya mutu shi ne burin samun ma'adana guda da za ta maye gurbin dukkan sauran.

Inda ake amfani da shi yanzu

A kasuwa, wurin da ya fi kafuwa shi ne ƙananan kwamfutocin da ke sarrafa mota. Kamfanin STMicroelectronics na Faransa da Italiya yana sa wannan ma'adana a cikin jerin Stellar, a ma'aunin nanomita 28. Dalili shi ne filash ɗin da ake ginawa a cikin cip yana wahalar ƙanƙantawa ƙasa da wannan ma'auni, motar zamani kuma tana karɓar sabuwar manhaja lokaci zuwa lokaci. Amma GST na asali ba zai jure ba, domin kusa da inji zafi kan kai digiri 150, wajen liƙa cip a allonsa kuma yakan kai 260. Sai aka ƙara masa jamaniyam, matakin tsaruwarsa ya haura digiri 300. Wannan ya kuma amsa fargabar masu zaton zafin rana zai goge bayanai: ko GST na asali an auna shi yana riƙe bayani shekara 10 a digiri 85, zafin bazara kuwa ko ya kai 45 bai kusanci nan ba.

Fage na biyu, wanda ya fi cancantar sunan sauya tsari, shi ne makunnan saƙon rediyo. Wayar salula ta yau tana aiki a zanguna masu yawa, kuma makunnai ne ke juya saƙo tsakanin eriya da matatu. Kowane irin makunni da ake da shi yana da aibinsa. Na taransisto yana cinye wani ɓangare na saƙon, asarar kuma na ƙaruwa idan zango ya yi sama. Na dayod yana shan wuta muddin yana kunne. Na 'yan ƙananan sassa masu motsi yana da kyau, amma yana son ƙarfin lantarki mai yawa da rufi na musamman, kuma abin da ke motsi yana gajiya.

Makunnin kalkojenaid yawanci da haɗin jamaniyam da teluriyam zalla ake yin sa, saboda tsararren yanayinsa ya fi na GST wuce da lantarki. A tsarin da Nabil El-Hinnawy da abokan aikinsa a Northrop Grumman suka nuna a 2013, ana shimfiɗa ɗan zirin kayan tsakanin bakunan ƙarfe biyu da saƙon zai bi, a ƙarƙashinsa kuma akwai wayar ɗumamawa da aka raba da shi da siririn abin da ke wuce da zafi amma ba ya wuce da lantarki. Saƙo da hanyarsa, wutar umarni da tata. Idan yana kunne turjiyarsa ba ta wuce om ɗaya ko 'yan kaɗan ba, idan yana kashe kuma ɗigon da yake yi ƙanƙane ne, kuma a kowane hali ba ya cin wuta sai a lokacin sauyawa. An ci gaba da aiki a kansa a Jami'ar Carnegie Mellon, da Jami'ar Waterloo ta Kanada, da CEA-Leti da XLIM a Faransa, da kamfanin Tower Semiconductor. Da shi aka gwada eriya mai canza zango, da matatu, da na'urorin karkata saƙo zuwa inda ake so. Ga tauraron ɗan'adam, inda wuta take da tsada kuma ba mai zuwa gyara, wannan ba ƙaramin abu ba ne, balle da yake bayanin da ke cikin zaman ƙwayoyin zarra ya fi wanda ke cikin cajin lantarki jure tururin sararin samaniya.

Na uku shi ne cip mai aiki da haske. A 2015 masu bincike daga jami'o'in Oxford da Exeter a Ingila da abokansu na Jamus suka ɗora ɗigon GST a kan siririyar hanyar haske, suka adana matakai da yawa a cikinsa da haske kaɗai. Aibin GST a nan shi ne yana shanye hasken da ke wucewa. Saboda haka aka nemi wasu: GSST, wato GST da aka sa wa seleniyam, daga jami'ar MIT a 2019, sai haɗin antimoni da seleniyam da na antimoni da farar wuta, waɗanda Jami'ar Southampton ta nuna ingancinsu a 2020. Na ƙarshen nan shi ne sinadarin ɗaya daga cikin duwatsun tozali da aka ambata, sai dai a tace shi ƙwarai a shimfiɗa shi siriri.

Na huɗu shi ne lissafi a cikin ma'adana. Kwamfuta ta yau tana ɓarnatar da wuta mai yawa wajen jigilar lambobi tsakanin ma'adana da sashen lissafi, abin da ya tsananta da zuwan ƙirƙirarriyar basira. Idan aka ajiye lambobin a matsayin matakan turjiya a jerin ɗakuna, aka tura lantarki ta cikinsu, wutar da ke fitowa ita kanta sakamakon ninkawa da tarawa ce. Kamfanin IBM ya fi kowa nisa a nan. A 2023 ya bayyana cip mai sassa 64 daga cibiyarsa ta Zurik, da wani mai ɗakuna miliyan 35 da aka gwada wajen gane magana. Duka biyun na gwaji ne, ba su shiga kasuwa ba.

Matsaloli

Babbar matsalar ita ce narkarwa. Kai wuri zuwa digiri 600 yana cin wuta ko da wurin ƙarami ne, kuma taransiston da zai tura wutar dole ya yi girma. Ƙanƙanta ɗaki na rage wutar, amma yana kusanto da maƙwabta, sai zafin wannan ya taɓa bayanin wancan.

Sai gajiya. Kayan yana tsukewa da kashi 6 zuwa 7 cikin ɗari idan ya tsaru, ya kumbura idan ya hargitse. Bayan miliyoyin juyi ramuka kan buɗe, sinadaran kuma su rabu, antimoni ya taru a gefe, teluriyam a wani. Ɗakin ma'adana kan jure daga sau miliyan zuwa sau biliyan, wanda ya zarce filash mai dubbai, amma bai kama ƙafar DRAM ba.

Akwai kuma zamewar turjiya. Hargitsattsen yanayi ba ya zama cak; ƙwayoyinsa na ci gaba da gyara zama a hankali, turjiyarsa na hawa da tafiyar lokaci. Ga mai adana 0 da 1 wannan ba damuwa ba ce, tazarar ma ƙaruwa take yi. Ga mai adana matakai da yawa kuwa, lambar da ya rubuta yau ba ita zai karanta bayan wata guda ba, sai an yi mata gyara da dabarun manhaja ko na gini. A ƙarƙashin duk waɗannan akwai wani cinikin da ba a kauce masa: kayan da ke saurin tsaruwa yana saurin mantuwa a zafi, wanda ke riƙewa da kyau kuma yana da nawa.

Saɓanin masana

Har yau ana muhawara kan dalilin da ya sa waɗannan kayan suka bambanta da sauran gilasai. A 2004 Alexander Kolobov da abokansa a Japan suka ce ƙwayar jamaniyam ce ke tsallakawa daga wani mazauni zuwa wani, bayanin da binciken da ya biyo baya ya nuna bai game komai ba. Matthias Wuttig na Jami'ar RWTH Aachen ta Jamus yana ganin tsararren yanayin na da wani nau'in ɗaurin ƙwayoyi na daban, tsakanin na ƙarfe da na silikon, wanda ya cancanci suna nasa. Stephen Elliott na Cambridge da wasu suna ganin tsofaffin ƙa'idojin ɗauri sun isa su bayyana shi. Muhawarar tana da amfani a aikace, domin wanda ya fahimci dalilin zai iya hasashen sabon haɗi maimakon gwada ɗaruruwa. An ga alamar haka a 2017, lokacin da masu bincike a Sin suka yi amfani da lissafin kwamfuta suka zaɓi ƙara sikandiyam a haɗin antimoni da teluriyam, suka sauko da lokacin tsaruwa ƙasa da nanosakan ɗaya. Haka nan ba a gama daidaitawa ba kan sakin jikin nan da hargitsattsen kalkojenaid ke yi farat ɗaya, ko zafi ne ke jawo shi ko motsin lantarki zalla.

Albarkatu da abin da ake tsammani

Sinadaran GST uku, wato jamaniyam da antimoni da teluriyam, duka ba su da yawa a kasuwa. Teluriyam ana samunsa ne daga dattin da ke kwantawa wajen tace jan ƙarfe, kuma masu ƙera faifan sola irin na kadmiyam da teluriyam ne ke kwashe kaso mafi girma. Jamaniyam daga tace zinki da tokar kwal yake fitowa. Sin ce ke kan gaba a samar da dukkansu, kuma ta sa takunkumin fitar da jamaniyam daga Agustan 2023, antimoni daga Satumban 2024, teluriyam daga Fabrairun 2025. A Afirka, an fara ciro jamaniyam daga tsohon tulin dattin ma'adinai na Lubumbashi a Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango. Abin da ke sassauta lamarin shi ne cip guda ba ya cin abin a zo a gani, tunda kaurin shimfiɗar 'yan nanomita ne.

Idan aka auna ƙarfin wannan fasaha da rauninta, wurin da ta dace a bayyane yake. Sauyawa ce ke da tsada da gajiyarwa, riƙewa kuwa kyauta ce. Don haka ta fi dacewa da aikin da ake sauyawa jefi-jefi a riƙe na dogon lokaci: manhajar mota, zangon eriya, hanyar haske a cikin cip, da lambobin basirar da aka riga aka horar. Aikin da ke son rubutu sau biliyoyi ba hutawa, kamar na babbar ma'adanar kwamfuta, zai ci gaba da zama a hannun DRAM. A cikin fagage huɗun da aka bayyana, na mota ne kaɗai ake ƙerawa da yawa a yanzu, makunnan rediyo na biye da shi, na haske da na lissafi kuwa suna ɗakin gwaji tukuna.